Saura Kwana Nawa a Sallame Shi?

Labarin da zan bayar ba a ƙasar nan ya faru ba, kai, ba ma a duniyar nan ba. Ƙagagge ne, daga cikin labaran Star Wars da George Lucas ya fara fitarwa a 1977, inda mutane ke zirga-zirga tsakanin duniyoyi a jiragen sararin samaniya, wata Daula mai ƙarfin soja kuma ta danne kowa. A 2022 Tony Gilroy ya fito da fim mai dogon zango mai suna Andor a cikin wannan duniyar, kuma kashi na 8 zuwa na 10 na zangon farko sun kai mu cikin wani kurkuku. Akwai mutanen da nake so labarin kurkukun nan ya shiga kunnensu. Ba zan kama sunan kowa ba, domin gyara nake nema, ba tonon silili ba.

Cassian Andor, wanda Diego Luna ɗan ƙasar Meziko ya fito a matsayinsa, ba waliyyi ba ne. Da shi aka yi fashin albashin sojojin Daula a wani wuri da ake kira Aldhani. Ya karɓi kasonsa, ya sulale zuwa Niamos, wata duniya mai bakin teku da ake zuwa shan iska, ya sake suna ya koma Keef Girgo. Amma ba a kan fashin aka kama shi ba. Wata rana ya fita sayayya, wasu suka wuce shi a guje ana bin su, wani soja ya ga yana waige-waige sai ya tare shi. Shi ke nan fa. Aka kai shi gaban wata alƙaliya da ba ta bari ya gama magana ba, ta ɗaure shi shekara shida, a kan tuhumar da a da wata shida ne hukuncinta. Bayan fashin Aldhani Daula ta fito da sabuwar doka da ta tsawaita wa mutane zaman kaso. Tana da gagarumin aiki a gabanta, tana neman hannuwa, kuma a kotu take samo su.

Aka ɗebe su a jirgi zuwa wani wata da ake ce wa Narkina 5. Kurkukun masana'anta ce da aka dasa a tsakiyar ruwa, gabas da yamma, kudu da arewa duk ruwa. Kafin su sauka an riga an raba su da takalmansu. Jami'an da suka tarbe su ba bindiga a hannunsu, ba kulki, sai wasu manyan takalma masu kauri a ƙafa. Babbansu ya yi musu jawabi a tsanake, ba ɗaga murya, sannan ya danna wani ɗan maɓalli da ke hannunsa. Ashe daɓen da suke tsaye a kai ƙarfe ne, wutar lantarki na bi ta cikinsa. Nan take suka zube suna makyarkyata. Da suka dawo hayyacinsu ya ce musu wannan mataki na ɗaya ne cikin uku.

Ga yadda aka tsara wurin. Hawa bakwai na aiki, kowane hawa ɗaki bakwai, kowane ɗaki tebur bakwai, kowane tebur mutum bakwai. 'Yan rana su yi awa 12, 'yan dare su karɓa su yi awa 12, aiki ba ya tsayawa. Mutum kusan 5,000 ke nan, kowa ƙafa ba takalmi, suna harhaɗa wani ƙarfe mai rassa wanda babu wanda ya san na mene ne. Kullum ana ƙirga abin da kowane tebur ya haɗa. Teburin da ya zo na ɗaya a sa masa ɗanɗano a abincinsa, wanda ya zo na ƙarshe a tsayar da shi a sakar masa wuta. Ɗakunan kwana ba su da ƙofa, ba su da kwaɗo, domin da dare daɓen gabansu yakan koma wuta, wanda ya taka ya mutu.

A duba dabarar da ke cikin wannan tsari. Ganduroba ba ya bukatar tsayawa a kan kowa. Idan hannunka ya yi sanyi, abokan teburinka ne za su fara yi maka tsawa, domin jinkirinka wutarsu ce. Akwai daren da wani fursuna ya gaji da rayuwa, ya sauko da gangan ya taka daɓen. Maimakon a yi jimami, sai ga muryoyi daga ɗakuna ana ƙorafin cewa gobe za a yi aiki da giɓin mutum ɗaya. Ban ga laifinsu ba. An matse su ne har sai da gawar ɗan'uwansu ta zama lissafin aikin gobe, kuma alhakin wannan yana wuyan wanda ya tsara matsin.

Abinci kuwa ba a yi musu rowarsa ba. Akwai tiyo a jikin bangon kowane ɗaki, ka sha iya cikinka, wani abu mai ruwa-ruwa marar ɗanɗano. Wurin fes yake, ba ƙazanta, ga likita. Wani fursuna ya gaya wa Cassian dalili tun daren farko, cewa masu wurin sun fi son su da lafiya da ƙarfi. Na tsaya a kan wannan ne saboda akwai wata magana da nake yawan ji idan an taɓo irin wannan zance: "Ai ina ciyar da shi, ina tufatar da shi, in ya yi ciwo ina saya masa magani." Daula ma ta yi duk wannan. Mai jaki ma yana zuba wa jakinsa harawa da yamma saboda kayan da zai ɗora masa da safe. Ciyarwa ba ta zama ladan aiki, kuma ba ta wanke wanda ya riƙe mutum ya hana shi tafiya.

Amma abin da ya fi komai riƙe mutanen nan yana cikin ɗakin kwanansu. Kowa yana da ɗan allo a bango mai nuna kwanakin da suka rage masa. Ka tashi, ka yi awa 12, ka dawo, lambar ta ragu da ɗaya. Ta Cassian ta haura 2,000. Ta heluman ɗakinsu, Kino Loy, ta sauko zuwa 249 a ranar da Cassian ya iso.

Kino, wanda Andy Serkis ɗan Ingila ya fito a matsayinsa, fursuna ne kamar kowa, ƙafarsa ba takalmi, wutar da ke cin su ita ke cin sa. Sai dai an ɗora shi a kan mutum 49, kuma ya riƙi aikin da gaske. Shi ke tsawa, shi ke zaga tebura yana duba allo, shi ke cewa a ƙara sauri. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya hango ƙofa, ya ƙudura cewa ba wanda zai ɓata masa lissafi. Da wani fursuna mai suna Melshi ya ce wa Cassian kada ya ma kalli lambar, domin mutum na nan ne har sai masu wurin sun gama da shi, Kino ya shaƙe shi ya haɗa da bango. Ba ya son jin wannan magana ko da wasa, don in ta tabbata, duk tsawar da ya yi wa 'yan'uwansa ta tashi a banza. Cassian ya yi ta tambayarsa gandurobobi nawa ne a kowane hawa, shi kuwa ya ƙi amsawa. Cassian ya ce masa babu mai sauraren su ma, ba a damu da abin da suke faɗa ba, sun fi mutum-mutumin inji araha kuma sun fi shi sauƙin musanyawa. Kino ya juya masa baya ya kwanta.

A fim ɗin Star Wars na 1999, The Phantom Menace, an nuna bauta a fili. Yaro Anakin ɗan shekara tara da mahaifiyarsa Shmi mallakar wani ɗan gwangwan ne mai suna Watto a duniyar Tatooine, kuma an dasa musu wata na'ura a jiki da za ta fashe in suka gudu. A can kowa ya san abin da ake ciki, bawa ya sani, ubangiji ya sani. A Narkina 5 kuwa ba a sayi kowa ba, ba a sayar da kowa ba. Akwai takardar kotu, akwai ranar fita a rubuce. Saboda haka mai danna maɓallin yana iya komawa ɗakinsa ya yi barci da zuciya ɗaya, yana ganin kansa ma'aikaci mai bin doka. Irin wannan ta fi ba ni tsoro, domin mai yin ta ba ya jin yana da abin da zai tuba a kai.

A teburin Cassian akwai wani dattijo, Ulaf, wanda kwanakinsa suka kusa cika. Hannunsa ya fara rawa, ya fara mantuwa, abokan teburin suna rufa masa asiri, wannan ya kama masa nan, wancan ya ƙarasa masa can. Kino da kansa yakan tsaya ya ƙarfafa shi, ya tuna masa cewa saura ƙiris ya koma gida. Ulaf shi ne hujjar kowa a ɗakin, in ya fita, to lambar gaskiya ce. A daidai lokacin kuma wata jita-jita ta fara yawo. Fursunoni suna magana da hannu ta tagogin gadojin da suke jira a kai lokacin canjin aiki, daga wannan hawa zuwa wancan, kuma saƙon da ke zuwa shi ne wani abu ya faru a hawa na biyu. Kino ya ce ƙarya ce, kowa ya kama bakinsa.

Sai wata rana bayan tashi daga aiki Ulaf ya yanke jiki ya faɗi. Aka kira likita, shi ma fursuna ne. Ya duba ya ce jini ya buge shi a ƙwaƙwalwa, babu abin da ya rage, ya yi masa allurar da ta ƙarasa shi. Kino ya matsa masa a kan zancen hawa na biyu, likitan ya faɗa musu a ƙasa-ƙasa. An sallami wani mutum daga hawa na huɗu, kwanakinsa sun cika. Washegari sai ga shi a hawa na biyu, an kawo shi a matsayin sabon fursuna. Kuskure aka yi, wani wuri daban aka so kai shi. Mutanen ɗakin suka gane abin da hakan ke nufi, don haka aka sakar musu wuta gaba ɗaya, 'yan rana da 'yan dare, mutum ɗari, don kada maganar ta fita. Babu wanda ake sallama. Lambar tana sauka har ta kai sifili, sai a ɗauke ka a kai ka wani teburin.

A kan hanyarsu ta komawa ɗakin kwana Cassian ya sake yin tambayarsa. A wannan karon Kino ya amsa, ba su taɓa wuce goma sha biyu ba.

Ina so mai riƙe da mutane da alkawari ya tsaya a kan wannan amsa. Kino ya daɗe da sanin adadin. Ya san ɗaruruwan mutane ne a kowane hawa, masu tsaron su kuwa ba su wuce goma sha biyu ba. Daɓen wuta yana nan jiya, yana nan yau, bai canza ba. Abin da ya sa ya yi shiru tsawon zamansa shi ne ya yarda akwai ranar da za a cika masa alkawari. Mai wurin ya ɗauka biyayyar da ake yi masa ta tsoro ce, alhali mafi yawanta bashi ne ya ci a wurin mutanen da suka gaskata maganarsa. Ranar da suka gane ba zai biya ba, mutumin da ya fi kowa yi masa aiki shi ne ya fara juya masa baya.

Washegari aka kawo sabon fursuna don ya maye gurbin Ulaf. Cassian ya karya wani bututun ruwa da ya daɗe yana gogawa a ɓoye a banɗaki, ruwa ya malale ɗakin. Da gandurobobi suka danna wuta, mutane suka haye tebura, ruwan ya sa wutar daɓen ta lalace. Suka yi ta jifa da kayan aikin da aka ba su, suka haura sama, suka ƙwace makamai. Wasu sun mutu a nan. Cassian da Kino suka kai ɗakin da ake sarrafa komai, suka sa aka kashe wutar ginin, Kino ya kama lasifika. Muryar da ta saba cewa a ƙara sauri ita ce ta gaya wa mutum 5,000 su ajiye aiki su fito, ta ce musu wanda ya ga wani ya rikice ko ya ɓata hanya ya kama hannunsa. Gandurobobin da suka rage suka kulle kansu a wani ɗaki suna rawar jiki.

Jama'a suka yi ta hawa har suka kai bakin ginin. Ƙasa can ruwa ne, hanyar fita ɗaya ke nan, suka fara tsalle. Kino ya tsaya cak. Ya dubi Cassian ya ce shi bai iya ruwa ba. Turereniya ta ture Cassian ya faɗa, fim ɗin kuma bai nuna mana abin da ya sami Kino ba. Waɗanda muka ga sun kai tudu su ne Cassian da Melshi.

Wannan wuri shi ya fi tsaya mini a rai. Ga mutum da ya ƙware a aikin wani, ya san kowane ƙarfe da kowane tebur, ya iya tafiyar da mutum 49 ba tangarɗa, amma ranar da ƙofa ta buɗe ba shi da abu ɗaya da fitar take bukata. Riƙe mutum ba shekarunsa kaɗai yake ci ba, har da abin da ya kamata ya koya a cikin shekarun. Yaron da ya yi shekara da shekaru yana buɗe shago da asuba yana rufewa da dare, amma ba a taɓa nuna masa inda ake saro kaya ba, ba a taɓa haɗa shi da dila ko ɗaya ba, ko an ce masa jeka yau, ina zai nufa? Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana ƙarama, ita ce wanke-wanke, ita ce raino, ita ce rakiyar 'ya'yan gida makarantar da ita ba ta taɓa shiga ba, kuɗin aikinta kuma wata ce ke zuwa ƙarshen wata ta karɓa, ranar da aka ce ta girma a mai da ita gida, da me za ta koma?

A ƙarshen kashi na 12 aka nuna abin da fursunonin ke haɗawa. Ƙarafan nan sassa ne na Tauraron Mutuwa, makamin da Daula ta tarwatsa duniyar Alderaan da shi a fim ɗin 1977. A fim ɗin Rogue One na 2016 kuma, wannan makamin ne ya kashe Cassian a bakin tekun Scarif, bayan ya taimaka an sace zanensa. Da hannunsa ya ɗaure wasu daga cikin kusoshinsa bai sani ba. Kakanninmu sun ga irin wannan da idonsu. Tsakanin 1942 da 1944 Turawan mulkin mallaka sun yi ɗiban gwamna, suka kwashi talakawa daga garuruwan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos saboda yaƙin da ake yi a wata nahiya, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa a can. Kuma abin bai tafi da Turawa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya. A watan Yunin 2020 'yan sanda sun shiga wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano sun fito da ma'aikata sama da ɗari da aka kulle a ciki kusan wata uku, tun farkon kullen korona, an yi musu alkawarin ƙarin kuɗi, an hana su zuwa ganin iyalansu.

Na san wanda nake nufi zai ce shi ba shi da daɓen wuta, ƙofarsa a buɗe take, wanda ya ga dama ya tafi. To, Alhaji, ɗakunan Narkina ma ba su da ƙofa. Wanda ya ba ka shekara bakwai a kan za a sallame shi da jari, in ya tafi a ta takwas hannu wofi ya bar maka bakwai ɗin ke nan, shi ya sa yake zaune, kai ma ka san shi ya sa. An ce bayan Sallah, Sallah ta wuce an ce sai kaya sun iso, kaya sun iso an ce kasuwa ba daɗi, sai a wayi gari ana neman wani ɗan kuskure da za a maƙala masa a kore shi da sunan ya ci amana. Hajiya, ke ma da kike cewa kina tara mata ne don kayan ɗaki, nawa aka tara, a hannun wa yake, ita ta san adadin? Haka wanda ya karɓe fasfo ɗin 'yar mutane a ƙasar waje ya ce sai ta biya kuɗin jirgi da na biza, bashin kuma kullum ƙaruwa yake yi. A cikin Sahihul Buhari akwai hadisin Abu Huraira da ya ambaci mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, wanda ya ɗauki alkawari da sunansa ya saɓa, da wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗin, da wanda ya ɗauki ɗan ƙodago ya gama masa aiki tsaf ya hana shi ladansa. Mai jan ranar sallama ya duba da kyau, yana iya samun kansa a biyu daga cikin ukun.

Kai kuma babban yaro, da aka ɗora ka a kan ƙananan, kana yi musu tsawa kana kai rahotonsu don kana ganin taka ranar ta kusa, ka tambayi kanka mutum nawa ka taɓa gani an sallama a gidan nan da idonka, kuma ina suke yanzu. In amsar ta yi maka daɗi, alhamdu lillahi, ka samu maigida na gari, kuma akwai su da yawa, waɗanda yaransu suka zama attajirai suna yi musu addu'a. In kuwa ba ka iya tuna ko ɗaya ba, to ka sassauta wa na ƙasa da kai, kuma ka fara koyon abin da zai amfane ka a waje tun yanzu.

Duk wanda ke da wani a ƙarƙashinsa yana ƙirga kwanaki, ina roƙonsa ya kira shi a makon nan, ya kira iyayensa ko wani babba nasa, a zauna a gaban shaidu. A faɗi ranar, a faɗi adadin, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. In ba ka da halin cika abin da ka ɗauka, ka gaya masa gaskiya yau, ka ba shi abin da ya sawwaƙa, ka nemi yafiyarsa, ka bar shi ya nemi wata hanyar tun yana da sauran ƙarfinsa.